Kwana biyu a Waitangi

Motarmu ta tashi daga Oklan da sassafe, sai bayan kusan awa huɗu muka sauka Paihia, ɗan ƙaramin gari a bakin teku can arewacin Niyu Zilan. Hanya duk tuddai ce, shanu da tumaki ko'ina, ga wata iska da ta sa na yi da-na-sanin barin rigar sanyina a masauki. Daga Paihia na taka da ƙafa, na haye gada, sai ga ni a Waitangi.

Ni tafinta ne, abin da nake ci da shi ke nan, shi ya sa wurin nan ya daɗe a raina. A filin ciyawar da ke gaban gidan James Busby, jami'in Ingila a wurin, aka kafa tanti, ranar 6 ga Fabrairu 1840 sarakunan Maori, asalin mutanen ƙasar, kimanin arba'in suka sa hannu kan yarjejeniya da William Hobson, wakilin Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Daga baya aka zagaya da takardun ƙasar, masu sa hannu suka haura 500. Wani ɗan mishan, Henry Williams, shi da ɗansa Edward suka fassara ta zuwa harshen Maori cikin dare ɗaya. Dare ɗaya! Ni ko takardar hayar gida ba zan yarda in yi wa wannan gaggawar ba.

Na daɗe tsaye gaban kwafin rubutun biyu. Na Turanci ya ce sarakuna sun miƙa mulki gaba ɗaya. Na Maori kuwa cewa ya yi sun ba da kawanatanga, wato aikin gwamna, sannan ya tabbatar musu da tino rangatiratanga, cikakken ikon sarautarsu a kan ƙasa da garuruwa da duk abin da suke ji da shi. Kusan dukkansu kuwa na Maorin suka sa wa hannu. Kowane ɓangare ya koma gida da tasa fahimtar.

Wadda ta zagaya da mu dattijuwa ce mai zane a haɓa. A ƙofar ɗakin taro na sassaƙa, Te Whare Runanga, ta sa muka tuɓe takalma, abin bai zame mini baƙo ba. Gaisuwar hongi ce ta ba ni kunya: ana haɗa hanci da goshi ne, ni kuma na yi gaba da ƙarfi har tabarona ya karkace. Mutumin da muka gaisa ya gyara mini shi yana dariya. A gangare muka ga kwalekwalen yaƙi, Ngatokimatawhaorua, tsawonsa mita 35, an sassaƙa shi don bikin cika shekara ɗari a 1940.

Dattijuwar ba ta tsaya kan tsohon zance ba. Ta kawo mana Whina Cooper, wadda tana da shekara 79 ta ja tattakin kare filayen Maori daga Te Hapua har Wellington, babban birnin ƙasar, a 1975, shekarar da aka kafa hukumar sauraren ƙorafi kan yarjejeniyar. Harshen Maori ya zama na hukuma a 1987. Sarautar da suka kafa a 1858 don hana ƙasa zurarewa ma tana nan. A 2024 aka naɗa Nga wai hono i te po Sarauniyar Maori tana da shekara 27, bayan rasuwar mahaifinta Sarki Tuheitia.

Washegari na shiga jirgin fito zuwa Russell, tsohon Kororareka. Na hau tudun Maiki ina haki, inda aka sare sandar tutar Ingila har sau huɗu tsakanin 1844 da 1845, aikin wani sarkin Maori, Hone Heke, da mutanensa. Shi ɗin kuwa yana cikin farkon waɗanda suka sa hannu a Waitangi, shekara huɗu kacal kafin nan.

Da na sauko na biya tsohuwar coci ta katako. Ramukan harsashin faɗan 1845 suna nan a bangonta. Na duba hagu da dama, na ga babu mai kallona, na zura ɗan yatsana cikin ɗaya.