Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mayafin Auta

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin ba ku labarin komawarmu Gwammaja, to ku yi mini haƙuri. Shekaranjiya ina laluben wata takarda a ƙasan akwati hannuna ya faɗa kan gwangwanin duwatsun adon mayafin 'yata Auta, tun daga lokacin zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Bari in sauke wannan tukuna.

Kun san Gwaggo ce ta koya mini saƙa. Ita a Zariya ta koya wajen wata maƙwabciyarta Bayarabiya, lokacin da mijinta na fari yake aikin reluwe. Kwarashina na farko sifok ɗin keke ne, Kawu ya goge bakinsa ya lanƙwasa mini, ina 'yar shekara 9. In na yi layi uku sai Gwaggo ta karɓa ta ɗaga wa haske. Ba ta faɗa, ba ta duka. Bakin zaren kawai za ta kama ta ja, aikin yini guda ya zube mata a cinya. In na soma kuka ta ce, "Ke 'yar nan, wadda ba ta iya warwara ba, ba ta iya saƙa ba." Na tsani maganar nan ina yarinya. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya kai haske kabarinta.

A farkon 2016 aka sa ranar Auta, biki bayan ƙaramar Sallah. Yayyenta duk gyalen Kantin Kwari aka saya musu, amma ita na ƙudura sai ta rufa da abin da babu irinsa a dangi. Na shiga kasuwar Sabon Gari wajen wani dattijo da na shekara goma ina sayen ulu a hannunsa, na ɗauko farin zaren auduga siriri, da kwarashin ƙarfe mai tsinin allura, da ƙananan duwatsun gilas masu ruwan zuma. Ya ce, "Hajiya, ki kwashe duka, ba kullum ake samun masu kai ɗaya ba." Kuɗin hannuna bai kai ba. Na ɗauki rabi, na ce zan dawo.

Wanda bai taɓa saƙa da duwatsu ba yana zaton ɗinka su ake yi daga baya. A'a. Kafin ki yi sarƙar farko sai kin zura su a jikin zaren ɗaya bayan ɗaya. Ramin wasu ba ya ɗaukar allura, sai in shafa wa bakin zaren jan farce, ya bushe ya yi tauri, in riƙa tsintar su da shi daga faranti. Kuma ba a zura da yawa lokaci guda, don yawan tura su gaba yana sa zaren ya yi gashi. Ina zura kamar 300, in sun ƙare in yanke, in sake zurawa, in ƙulla in ɓoye bakin. In kin zo gurbin dutse sai ki jawo guda ɗaya ya manne da kwarashi, ki rufe a kansa. A bayan aikin yake zama, shi ya sa bayan ne yake komawa fuskar mayafin.

Mai kusurwa uku na yi, daga tsakiyar wuya ake farawa, kowane layi ya fi na baya tsawo. Na farko-farkon kafin shayi ya huce kin gama. Na ƙarshe kuwa layi ɗaya ya cinye mini daga sallar isha'i har sha biyun dare. Baban su yana cewa, "Ki kwanta haka, idon nan shi kaɗai gare ki." Har yau da tabarau nake zura allura, kuma ban yi nadamar wannan ba.

A ƙarshen watan Maris wuta ta tashi a kasuwar Sabon Gari cikin dare. Mutanen Kano ba za su manta ba, shaguna dubbai suka ƙone. Na dattijon nan yana ciki. Da na je jaje na same shi zaune a kan benci yana jan carbi, na ji kunyar ma ambaton duwatsu. Nawa kuma suka ƙare saura layi goma sha biyu da bakin ado.

Na zaga Kurmi, na zaga Kwari, na aika har Kaduna. Shekarar ce kuma Naira ta faɗi, komai ya yi tsada. Sai cikin azumi na samu masu kama da su, amma sun ɗan fi duhu kuma kansu ba ɗaya ba. Na san abin da ya kamata. In warware layi goma na baya, in gauraya tsofaffi da sababbi, launin ya shige a hankali yadda ido ba zai kama ba. Wallahi na ji muryar Gwaggo a kunnena daren nan, wadda ba ta iya warwara ba. Na dubi aikin wata guda, na dubi kwanakin da suka rage, ga girkin buɗa-baki, na ce ba mai lura. Na ɗora.

Da na gama na wanke shi da ruwan sanyi, na naɗe a tawul na matse, na shimfiɗa a katifa na kafe gefunansa da fil har ya bushe. Nan furannin suka buɗe. Nauyin duwatsun ya sa yana kwanciya a kafaɗa luf. Auta ta rufa ta tsaya gaban madubi ta ce, "Umma, ke kika yi wannan da hannunki?"

Ranar kamu, gida cike da dangin ango, facalata matar Yaya ta kama bakin mayafin da yatsa biyu. Ta ce, "Ikon Allah, launi biyu. Irin na Ƙofar Wambai ne ko?" Gwanjo take nufi. Matar da na saƙa wa 'ya'yanta biyar kayan sanyi tun suna jarirai, ban taɓa karɓar ko kuɗin ulu ba. A sunan ɗanta na uku ni na kwana ina gama hula da safa, ita tana barci. Ta san hannuna sarai. Na buɗe baki, Inna ta taka mini ƙafa, na haɗiye. Washegari wajen buɗar kai Auta gyalen kanti ta rufa. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Muna gaisawa da matar Yaya, zumunci ya fi ƙarfin haka. Amma tun ranar ko igiyar takalmi ban sake saƙa wa gidanta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya ta yi a kan launin ba. Da Gwaggo tana raye da tun cikin azumi ta kama bakin zaren ta ja.

Jiya na kira Auta na ce in za ta zo Sallah ta taho mini da mayafin. Ta ce, "Umma, me za ki yi da shi?" Na ce ta kawo dai. Duwatsun cikin gwangwanin na juye su a faranti na ƙirga, za su isa. Layi ashirin da biyu zan warware.

Labarin Gwammaja sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.