Laraba: kunun gyaɗa, alale da tuwo mai laushi

Yau na wayi gari kumatuna na hagu ya kumbura suntum, baki ba ya buɗuwa sai ɗan kaɗan. Likitan da ya cire min haƙorin ƙurya shekaranjiya ya riga ya ce kumburin zai fi tsanani a rana ta biyu zuwa ta uku, don haka hankalina bai tashi ba. Yunwa ce ta dame ni. Ga maganin ciwon da aka rubuta min, Ibuprofen, ba a son shansa ciki wayam.

Da safe Umma ta dama kunun gyaɗa, ta tace shi da rariya, ba ta zuba shinkafa a ciki ba. Sai da ya huce sosai ta miƙo min da ƙaramin cokali. Na ce, “Umma, koko fa nake marmari.” Ta ce, “Da cittar da masoron? Ki bari ramin ya warke tukuna.” Gaskiyarta. Ko fura ma an ɗage min ita, saboda kayan yaji da ɗan tsakin geron da ke maƙalewa a dasashi. Kindirmo zalla na sha da hantsi, da ayaba da aka dame a ciki.

Abin da na lura da shi, laushin abinci kaɗai bai isa ba. Shinkafa dafaffiya tana da laushi, amma ƙwaya ɗaya ta faɗa ramin nan ta isa ta hana mutum barci. Haka dambu, haka duk abin da ke da riɗi. Gudan jinin da ya daskare a gurbin haƙorin shi ne ke rufe ƙashi, idan ya fita ƙashin ya bayyana, ciwon kan kai har kunne. Shi ya sa likita ya hana ni zuƙar abu da tsinken lemo, ya hana tofar da yawu da ƙarfi. Ruwan gishiri mai ɗumi ma ba na wasa shi a baki, ina karkata kai ne a hankali, in buɗe baki ya zube da kansa.

Goggo ta zo dubiya bayan azahar, ta ce a daka kanumfari a cusa a wurin. Na san ƙauna ce ta sa, amma na ce, “Goggo, ki yi haƙuri, an ce kada a taɓa wurin da komai.” Ta yi min addu'a ta bar maganar.

Alalen rana shi ya dawo min da ƙarfi. Yaya ta surfa waken tas, babu ɓawo ko ɗaya, babu attaruhu, ta fasa ƙwai a cikin ƙullun ta sa mai kaɗan. Ya fito lugub, harshe kawai ke murƙushe shi. Sai a lokacin jirin da nake ji ya lafa, don kunu kaɗai ba ya riƙe ciki, kuma jiki mai rauni yana son wake da ƙwai da nono.

Da dare tuwon shinkafa ne, an tuƙa nawa daban da ruwa-ruwa, da miyar kuka ba yaji. Ƙananan loma na dinga yi ta ɓangaren dama. Gobe Yaya ta ce za ta yi min faten dankali da kabewa, in baki ya ƙara buɗuwa a sa kifi a tsince ƙayar.