Kai intanet ƙauyukan da ke bayan duwatsun Jos

Aikinmu kafa intanet a ƙauyukan Bassa da Riyom da Barkin Ladi, inda wayar fiba, wato wayar intanet da ake binnewa a ƙasa, ta bi babban titi ta yi gaba abinta. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi wa karkara alƙawarin gudun megabit 10, birane 25. Amma kuɗin izinin haƙa da gwamnoni suka amince da shi a 2020 naira 145 ne kowace mita, wato a wannan farashi kilomita 20 za ta ci naira miliyan 2.9 tun ba a ɗaga diga ba, ga shi ƙasar Filato dutse ce. Shi ya sa muke ɗaukar layi daga inda fiba ta tsaya, mu harba shi da rediyon 5GHz daga hasumiya zuwa hasumiya.

Hango ɗaya hasumiyar da ido bai wadatar ba. Sigina tana kumbura a tsakiyar hanya kamar gwanda, don haka a tazarar kilomita 10 sai an bar mata sararin kusan mita 7 a ƙarƙashin layin da ke tsakanin hasumiyoyin biyu. Kan dutse ko mangwaro ya shiga wannan sarari, gudu ya faɗi, musamman da damina, don jiƙaƙƙen ganye yana shan sigina.

Lissafin wuta ba wuya. Kayan da ke jan wat 60 suna cin wat-awa 1,440 a yini. Batirin litiyom mai bolt 48 da amfiya-awa 100 yana riƙe su kusan kwana uku, kuma hadarin watan Agusta a Jos yana buƙatar hakan. Faifan sola biyu masu wat 400 sun isa, in dai ana share musu ƙura duk mako da hunturu. Aradu ce babbar mai ɓarna. Sandar tagulla mai kai wutar aradu ƙasa ba ta shiga dutse, sai mu ja kwari zuwa inda ƙasa take da laima, mu shimfiɗa tagullar a kwance, mu auna turjiyar da ƙasa ke yi wa wuta har ta sauka ƙasa da om 10. Masu zuba gishiri a ramin suna ganin awo mai kyau a ranar, daga baya gishirin ya cinye tagullar.

Maganar adalci kuwa, a saman hasumiya ake yanke ta. Eriyar da ke raba wa gari sigina digiri 90 ko 120 take rufewa, wanda ke bayanta bai samu ba. Kowa zai ce a juya ta kasuwa da gidan kansila. A Filato, inda Birom da Fulani da Hausawa ke zaune unguwa-unguwa, duk inda eriya ta ba wa baya, mutanen wurin za su ɗauka da gangan aka yi. Kafin mu hau sama muna zana kowace unguwa da ruga a taswira, mu zauna da dagaci da arɗo da liman da fasto da shugabar mata, a ga wa zai samu, wa zai jira ƙaramar hasumiya ta biyu, kuma yaushe.

Gida mai nisa mai raunin sigina yana daɗewa kafin ya gama aika saƙo, duk sauran suna jiransa, sai gudun kowa ya ragu. Masu neman sauƙi cire shi suke yi. Mu muna sa masa ƙaramin faranti mai fuskantar hasumiya kai tsaye, ya daina jan kowa baya.

Sai rabon layi. Megabit 100 in aka sake shi, samari goma masu sauke fim za su shanye. Muna ƙayyade wa kowace waya megabit 3 zuwa 5, mu keɓe wa asibiti da makaranta nasu kaso da ba mai taɓawa. Wi-Fi na cikin gari dole ya haɗa da 2.4GHz, don ƙananan wayoyi da yawa shi kaɗai suke kamawa. Katin shiga na yini ya fi na wata guda samun kasuwa, kuma in a shagon caji kawai ake sayar da shi, matan aure ba za su je ba. Muna ba mace ɗaya a kowace unguwa ta riƙa sayarwa a cikin gida.

Sayar da intanet sai da lasisin NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa. Ƙungiyar gari da ba ta da shi sai ta shiga ƙarƙashin kamfani mai lasisi, a rubuta a yarjejeniya wa zai sayi sabon batiri idan na farko ya mutu.