Juma'a a Jidda, ranar sauke tsirkiyar jitar ƙarfe

Yau ba shago, sai na ware ranar don jitar nan mai gangar ƙarfe da na saya a hannun wani direba da zai koma gida. Tun da ta shigo ɗakina nake son muryarta, amma yatsuna ba sa jin daɗinta. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyanta, in na danna daga tsakiya zuwa sama sai na matsa da ƙarfi, sautin kuma ya ɗan haura inda ya kamata ya tsaya.

Bayan karin kumallo na ɗora rula a kan ƙarfe na 12 cikin siraran ƙarafan da aka gitta a wuyan, waɗanda ake danna tsirkiya a kansu. Tsirkiya mai kauri ta ba ni ratar milimita 4 tsakaninta da ƙarfen. Wannan ya yi wa mai kiɗa da wuyan kwalba a yatsa daidai, domin shi zamewa yake yi a saman tsirkiya, ba ya danna ta ƙasa. Ni kuwa duka biyun nake yi, kwalba a ɗan ƙuri, sauran yatsu suna dannawa. Abin da nake nema bai wuce milimita 3 ba.

Ban fara da jaki ba, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan ganga. Na danne tsirkiya a ƙarfe na farko da kuma wurin da wuya ya haɗu da ganga, na leƙa tsakani, wajen ƙarfe na 7. Ratar da ake so a nan ba ta wuce kaurin katin adireshi ba, tawa ta kusa ninka haka. Ban yi mamaki ba. Gangar ƙarfe ce, ba ruwanta da yanayi, amma wuyan itace ne, kuma itace a Jidda yana shan wahala: a waje danshin Bahar Maliya, a ɗaki na'urar sanyi tana busar da iska dare da rana. Na sassauta tsirkiyoyi, na murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, mai miƙar da shi, kwata ɗaya zuwa dama, na mayar da saiti, na jingine ta na tafi masallaci. Itace ba ya amsawa nan take.

Da na dawo daga Juma'a tsirkiyar ta sauko zuwa milimita 3.5 a ƙarfe na 12. Saura aikin jaki, shi ne na ɗauke ta zuwa gidan Kawu bayan la'asar. Kafinta ne, ya shekara da yawa a nan, kuma tun yana saurayi a ƙauye ya iya haɗa garaya. Na gaishe shi, na tambayi jikin Inna, sannan na buɗe jaka.

“Wannan kuma fa, ɗana? Jita ce ko faranti?”

“Jita ce, Kawu. Bari in buɗe maka cikinta.”

Muka cire tsirkiyoyi, muka kwance sukurorin murfin, na zuba su a kofi. A ƙasa ga mazurarin alminiyam a kife, faɗinsa inci 9.5, siriri ƙwarai, yatsa ma zai iya lotsa shi. A ƙoƙuwarsa akwai ɗan faifan katako, a tsagin faifan kuma aka manna jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Na gaya wa Kawu abin da na sani: John Dopyera, haifaffen Sulobakiya da ya zauna a Amurka, shi ya ƙirƙiro irin wannan jita, kamfanin National ya fara fitar da ita a 1927, lokacin da jitar katako ba ta iya ɗaga murya a cikin taron makaɗa, ta lantarki kuma ba ta shigo kasuwa ba. Ta farkon ma mazurari uku gare ta.

Kawu bai ce komai ba sai da ya ƙwanƙwasa gefen mazurarin da farce ya saurara. Ya ce, “To ai wannan ita ce fatar garaya. Jaki yana danna ta, ita kuma tana magana. In ka rage jakin da yawa, me zai danna ta?”

Abin da na daɗe ina karantawa ke nan, shi ya gano shi da farce ɗaya. A wannan jita tsayin tsirkiya ba maganar sauƙin yatsa ba ce kawai. Tsirkiya tana hawa jaki sannan ta gangara zuwa maƙalinta na baya, wannan gangarar ce ke sa nauyi a kan mazurari. Jaki ya yi ƙasa, gangara ta kwanta, nauyi ya ragu, sai murya ta shaƙe ko a fara jin kaɗawar ƙarfe a ciki. Shi ya sa ba na goyon bayan masu son mayar da ita kamar jitar lantarki. Wanda yake son laushin lantarki ya sayi lantarki.

Lissafin mai sauƙi ne. Ƙarfe na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya, don haka in ana son rage rabin milimita a can, sai an cire milimita 1 a jaki. Tunda jakin a manne yake, daga sama ake ci. Na yi wa faifan da mazurarin alama da fensir don su koma yadda suka zauna, muka kwance sukurun da ya haɗa su ta ƙasa, domin ba a goga katako a kan abin da bai fi gwangwani ƙwari ba. Kawu ya ja layi, ya ci saman da samfefa a kan gilashi, sannan ya sake tsaga mazaunin kowace tsirkiya da ƙaramin magagari, yana karkatar da shi zuwa baya don tsirkiya ta tashi daga bakin gaba. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Na tsaya ina kallo, shayin da Inna ta aiko ya huce.

(Masu wata irin jitar mai mazurari, wadda jakinta ke kan ƙarfe mai ƙafa takwas, su kiyayi sukurun tsakiya. Ba na tsayi ba ne. A matse shi da yawa ya kashe sautin, har ya lalata mazurarin.)

Muka ɗaura tsirkiyoyi ba murfi don gwaji. Mai kauri milimita 3, siririya 2.5. Ɗan Kawu na ƙarami ya karɓa ya danna, ya ce, “Yaya, a ƙara ragewa mana, har yanzu da tauri.” Na ce a'a. Na zura kwalba na ja daga ƙarfe na 5 zuwa na 12, ba ta taɓa ƙarfe ko ɗaya ba, muryar kuma tana nan da kaurinta. Na danna da yatsu, sautin ya tsaya a inda ya dace.

Mun mayar da murfi ana kiran magariba. Wani sukuru ya ɗan yi ƙara a tsirkiya ta huɗu, Kawu ya matse shi, ya yi shiru. Na so in ba shi wani abu, ya harare ni, sai na bar wa Inna kuɗin cefane ta hannun yaron.

Gobe da safe zan sake aunawa, domin wuyan zai iya ƙara motsi cikin dare. In ya tsaya, ranar Lahadi bayan aiki zan nemi sababbin tsirkiyoyi masu ɗan kauri, waɗanda kaurin siririyarsu yake lamba 13.