Ƙaramin p da ya sa na yi azarɓaɓi a memuwar ɗina

Ƙannena masu shirin rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, a nan Damagaram, ga abin da ya same ni, don kada ya same ku.

Aikina a kan hatsi ne. Bayan kaka na bi gonaki a yankuna huɗu, Mirya, Magarya, Matamaye da Tanut, ina tambayar kowane manomi dami nawa ya ɗaure, ina rabawa da girman gonarsa. Da na zuba alƙaluman a kwamfuta sai na tarar sun karkata gefe guda: yawancin gonaki amfaninsu kaɗan ne, ƴan tsiraru sun yi wa sauran fintinkau. Saboda haka malamina ya ce in bar ANOVA, gwajin da aka saba kwatanta matsakaicin rukunai da shi, in yi gwajin Kruskal-Wallis, wanda William Kruskal da Allen Wallis suka fitar a 1952. Na danna, H, lambar da gwajin yake fitarwa, ta wuce 7,81, iyakar da ake dubawa idan rukuni huɗu ne, p kuma, wato yiwuwar a ga irin wannan bambanci ko da yankunan ba su bambanta ba, ta faɗo ƙasa da 0,05. A daren nan na rubuta cewa yankunan huɗu duk sun bambanta da juna, har na jera su daga na ɗaya zuwa na huɗu.

Ranar sutnans, wato ranar kare memuwar, wani dattijo cikin alƙalan ya cire tabarau, ya ɗora yatsa a kan teburin alƙaluman, ya ce, "Ɗana, wanne ne ya bambanta da wanne?" Na ce, "Duka, Malam." Ya ce, "Nuna mini inda gwajin ya faɗi haka." Na yi ta juya takardu, zufa na tsiyaya, mahaifiyata tana zaune a baya tana kallona. Babu wurin da zan nuna.

Gaskiya tana gare shi. Iyakar abin da ƙaramin p yake faɗa shi ne akwai aƙalla rukuni ɗaya da ya fita daga sahun sauran. Kamar a ce maka an yi rigima a gida mai ƴaƴa huɗu. Ka ji labari, amma ba ka san wa ya taɓa wa ba. Sanin wannan sai an gwada su biyu-biyu, kuma abin da aka saba yi shi ne gwajin Dunn na 1964. Rukuni huɗu suna ba da gwaji shida, kuma yawan gwaji yana ƙara yiwuwar ka ga bambancin da babu shi, shi ya sa ake tsuke ma'aunin. A hanyar Bonferroni ana raba 0,05 gida shida, ya zama kusan 0,008. Da na yi haka, Tanut da Magarya kaɗai suka rabu a alƙalumana. Jerin da na yi alfahari da shi ya rushe.

Kuskure na biyu ya fi yi mini ciwo, don ya nuna ban fahimci abin da nake riƙe da shi ba. Na cika babin da matsakaicin dami na kowane yanki, alhali gwajin ba ya kallon dami ko kaɗan. Yana jera gonakin duka ne a layi ɗaya, daga mafi ƙarancin amfani zuwa mafi yawa, ya ba kowace lambar matsayinta, ya yi lissafi da waɗannan lambobin. Akwai wani Alhaji da Fulani suka kwana da shanu a gonarsa duk rani, taki ya yi mata yawa, shi kaɗai ya ɗaga matsakaicin yankinsu. A wurin Kruskal-Wallis kuwa, ko ya ninka haka sau goma, shi ne dai na ƙarshe a layi, lambarsa ba ta canzawa. Don haka matsakaicin matsayi ya kamata in kawo, tare da lambar tsakiya ta kowane yanki, wato amfanin gonar da ta faɗo a tsakiya idan an jera gonakin yankin. Ita ma lambar tsakiyar, ba za ka ce ita gwajin ya kwatanta ba sai idan yadda alƙaluman suka bazu a rukunan ya yi kama da juna. Ku zana hoton kowane rukuni ku duba da idonku kafin ku rubuta jimla ɗaya. Ni sai bayan sutnans na zana.

Ku kuma faɗi girman bambancin, domin p ba ta faɗarsa. Raba H da adadin gonaki ban da ɗaya yana ba da ma'aunin da ake kira efsilon mai murabba'i (ε²), daga 0 zuwa 1. Idan kuma wani rukuni bai kai mutum biyar ba, kada ku saki jiki da p ɗin da kwamfuta ta ba ku.

An ba ni mako biyu in gyara. Babin sakamako mai shafi tara ya koma huɗu, na kai wa dattijon nan har ofishinsa, ya karanta a gabana, ya sa hannu.