Yau muka ciro moter daga Fijon Baba

Tun ƙarfe bakwai na safe na isa garaji, domin Maigida, mai garajin, ya ce a gama aiki mai nauyi kafin rana ta take. Auta ya riga ni zuwa, har ya cire batir ya tsiyaye baƙin mai da ruwa. Muka kwance kapo muka jingine shi a gindin dogon yaro, aka fitar da radiyater, aka raba bututun fetur da wayoyi da salansa, kowane ƙarfe da aka kwance kuma na sa shi cikin gwangwanin tumatir na rubuta inda ya fito. Noti biyu na salansa tsatsa ta cinye su, sai da aka gasa su da wuta kafin su juya.

Motar Baba 404 ce, moter ɗin 404 kuwa a kishingiɗe yake zaune, a karkace zuwa dama, saboda haka ba a ɗaga shi kai tsaye kamar buhu. Maigida ya tokare akwatin giya da jak, ya ɗaura sarƙa, ya sa aka riƙa jan palan, wato abin ɗaga kaya masu nauyi, sannu a hankali yana girgiza moter ɗin gaba har ya rabu da giya. Wajen sha ɗaya da rabi ya fito yana lilo, muka sauke shi a kan tsohuwar taya. Na yi murna ƙwarai, har na aika aka sayo wa yara ƙosai.

Muna wanke hannu da kananzir ne Maigida ya sa kile, wato sifana, ya gwada juya moter ɗin, ya ƙi motsi. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ɗana, in za ka ji shawarata, ka bar wannan ya huta, mu nemo na 504 daga Katsina ko Kano. Danginsu ɗaya, zai zauna a gurbin ba da wahala mai yawa ba, ya fi ƙarfi, kuma kayansa ba sa yankewa.” Na ce, “Maigida, ai ku kuka riƙa kula da shi tun Baba yana raye.” Ya ce shi ya sa ya san abin da ke cikinsa.

Maganarsa tana da hujja, kuma wannan ne ya hana ni sukuni. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, 504 ta cika hanyoyin ƙasar Hausa shekara da shekaru, don haka duk wanda ke sayar da tsofaffin kayan mota yana da abin da zai miƙo maka. Ita kuwa 404, wadda ta fara fitowa a 1960, kayanta sai an yi cigiya, wani lokaci a jira wata da watanni. Moter ɗinta bai kai lita biyu ba, cc 1618 ne awonsa, kuma na san a kan hanyar Dan Isa na 504 zai bar shi a baya. Amma ni ban fitar da motar nan daga rumfar da ta shekara goma sha huɗu a ciki don in yi tsere ba. Ƙarar wannan moter ɗin muke ji daga bakin lungu mu san Baba ya dawo daga Tibiri ko Madarumfa, mu ruga mu buɗe ƙofa. Idan aka sa wani, jikin motar zai zama nata, muryar kuwa ta wata ce, kuma lambar da aka buga a jikin ƙarfen ba za ta dace da takardun da Inna ta adana cikin adaka ba.

Na daɗe tsaye ina kallon ramin da ya bari a gaban motar, ƙasa tana bayyana ta ciki, ga sheƙar ɓera a kusurwa. Yaya ya kira da azahar, ya goyi bayan Maigida, ya kawo batun kuɗi. Ban yi masa musu ba.

Abin da muka tsayar shi ne, an cire buji huɗun an zuba gazuwal a kowane rami, za a bar shi ya jiƙa har mako guda. Idan ya juya, za a buɗe kan moter a duba, tunda hannayen silinda na 404, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, ana zare su a sa sababbi. Idan bai juya ba, na yi wa Maigida alkawarin za mu sake zama. Na lulluɓe shi da tabarma saboda ƙura, na dawo gida da takardun motar a aljihu, kuma har yanzu da nake rubutu ban iya cin tuwon dare ba.