Wasiƙar Irmiya da Addu'armu Domin Jos

Akwai ayoyin da kusan kowane Kirista a Jos ya haddace ko da bai taɓa karanta littafin da suke ciki ba, Irmiya 29:11 kuwa tana sahun gaba. Za ka gan ta a bayan keke a hanyar Terminus, a kalandar ƙarshen shekara, a jikin rigar ɗaliban da suka gama makaranta. Ubangiji ya ce ya san shirin da yake yi domin mutanensa, shirin alheri ne ba na masifa ba, zai ba su makoma da sa zuciya. Ina ƙaunar ayar nan. Na sha karanta wa marasa lafiya ita a gadon asibiti, na kuma ga yadda take sanyaya rai. Saboda haka da dattawan ikilisiyarmu, sashen Hausa a Tudun Wada, suka ɗora mini jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba gab da ƙarshen shekara, suka ce wannan aya za a ɗauka, na karɓa hannu biyu. Abu ɗaya na roƙa, a bar mu mu karanta surar dukanta, tare da wadda ta gabace ta. Wanda ya ciro aya ɗaya ya bar sauran yana kama da yaron da ya tsince nama ya ture tuwo, bakinsa ya ji daɗi amma yunwa tana nan.

Sura ta 29 wasiƙa ce, da mai aikowa, da masu karɓa, har da sunayen waɗanda suka kai ta. Annabi Irmiya ya rubuta ta daga Urushalima zuwa ga mutanen Yahuza da Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe zuwa ƙasarsa a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Cikinsu akwai sarki Yekoniya da mahaifiyarsa, da fādawa, da firistoci, da masassaƙa da maƙera. Littafin Sarakuna na Biyu sura 24 ya ce mutum dubu goma aka kwasa. Elasa ɗan Shafan da Gemariya ɗan Hilkiya, 'yan aiken sarki Zadakiya zuwa fadar Babila, su ne suka tafi da takardar. A lokacin Haikali yana nan tsaye, sai a 586 aka ƙone shi. Wannan ya sa kamammun suka ɗauka zaman ɗan lokaci ne, wani ko ƙunshin kayansa bai ga dalilin kwancewa ba.

Ranar farko ban yi bayani mai tsawo ba. Na raba sura ta 28 ga matasa, aka karanta da ƙarfi, wannan ya ɗauki maganar Hananiya, wancan ta Irmiya. Labarin da kansa ya isa. Hananiya ɗan Azzur, wani annabi mutumin Gibeyon, ya tsaya cikin Haikali gaban firistoci da jama'a, ya ce Ubangiji ya karya karkiyar sarkin Babila, kafin shekara biyu kayan Haikali da sarki da dukan kamammu za su dawo. Irmiya yana tsaye da karkiyar itace a wuyansa, alamar da Allah ya umarce shi ya ɗauka. Amsarsa ta farko ita ce amin, Ubangiji ya sa hakan ta tabbata. Shi ma yana marmarin abin da jama'a ke marmari. Amma ya ƙara da cewa annabin da ya yi annabcin salama, sai maganarsa ta cika za a san Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta a gaban kowa, Irmiya kuwa ya yi tafiyarsa. Daga baya maganar Ubangiji ta zo masa cewa karkiyar ƙarfe za ta maye gurbin ta itace. Wannan ya faru a wata na biyar, a wata na bakwai Hananiya ya mutu.

Da aka gama, wani saurayi da ya gama jami'a yake zaune ba aiki ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, gaskiya da ina wurin a ranar, Hananiya zan bi." Na gode masa ƙwarai, don ya faɗi abin da ke ran yawancinmu. Hananiya ya ambaci sunan Ubangiji, a Haikali ya yi magana, ya sa ranar da wahala za ta ƙare, ya kuma yi abin da ido ya gani. Duk watan Disamba bangayen garin nan cike suke da takardun tallar taron addu'a masu alkawarin cewa baɗi kowa zai sami buɗi. Ba na cewa duk mai irin wannan wa'azi maƙaryaci ne. Abin da ke damuna shi ne mun koya wa 'ya'yanmu su auna wa'azi da daɗin da ya yi musu, kuma sau da yawa ayar Irmiya ake ɗauka a yi wa'azin Hananiya da ita.

Laraba ta gaba muka shiga wasiƙar. Umarnin da ke cikinta na talakawa ne: ku gina gidaje ku zauna, ku yi lambuna ku ci amfaninsu, ku yi aure ku haifu, ku aurar da 'ya'yanku su ma su haifu, ku ƙaru, kada ku ragu. Sa'an nan aya ta 10 ta ce sai shekara saba'in sun cika wa Babila Ubangiji zai komo da su. Aya ta 11 da muke so tana zaune daidai a kan wannan. Na ce kowa ya ɗora saba'in a kan shekarunsa. Wata mama daga Zumuntar Mata ta ce ashe alkawarin na jikoki ne. Kusan haka ne. Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539, a 538 ya ba da izinin komawa, Haikali na biyu kuwa sai wajen 516 aka gama shi. Ezra sura 3 ta nuna akwai tsofaffin da suka ga Haikali na farko suka kuma ga harsashin na biyu, suka fashe da kuka yayin da matasa ke sowa. Amma yawancin waɗanda aka karanta wa wasiƙar a Babila aka binne su. Duk da haka Allah ya kira abin da yake yi da su shirin alheri.

Wani ɗan'uwa da ya yi karatu a TCNN, kwalejin tauhidi da ke Bukuru, ya taimake ni da abin da masu haƙar tarihi suka tono. An sami allunan yumɓu a Babila masu lissafin rabon mai da ake ba sarkin Yahuza da 'ya'yansa daga rumbun fada. An kuma sami wasu daga wani ƙauye da ake kira garin Yahuza a ƙasar Babila, suna nuna Yahudawa suna noma, suna biyan haraji, suna ƙulla aure da ciniki. Na kawo wannan a aji don matasan su san mutanen wasiƙar nan sun rayu da gaske, sun kuma zauna kamar yadda aka ce su zauna. Ba kowa ya yarda da wasiƙar ba, don a ƙarshen surar wani daga cikin kamammun mai suna Shemaiya ya rubuto wa firist Zafaniya daga Babila yana tambayar me ya hana a sa Irmiya a turu, tun da ya ce zaman zai daɗe.

Inda nazarin ya yi nauyi shi ne aya ta 7. Ubangiji ya ce su nemi zaman lafiyar birnin da ya kai su, su yi addu'a dominsa, gama cikin zaman lafiyarsa ne za su sami nasu. A wani gari wannan aya za ta wuce ba tare da an ji ta ba. A Jos ba ta wucewa. Mun ga Satumbar 2001, mun ga Nuwambar 2008 da Janairun 2010, mun ga bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 da na Terminus a Mayun 2014. Unguwannin da a da ake zaune a cakuɗe sun rabu, akwai matasa a ikilisiyarmu da aka haifa a garin nan ba su taɓa taka Anguwar Rogo ba, na tabbata a can ma akwai waɗanda ba su taɓa taka tamu ba.

Wata gwauruwa da ta rasa mai gidanta a ɗaya daga cikin rikice-rikicen ta yi magana ba tare da ɗaga hannu ba. Ta ce, "Ɗana, bakina ba zai iya wannan addu'a ba." Na ce, "Mama, ba wanda zai tilasta miki." Muka buɗe Zabura 137 muka karanta har ƙarshe, har da ayoyin nan biyu na ƙarshe masu ɗaci da ba a cika karantawa a sujada ba. Zaburar nan da wasiƙar Irmiya daga bauta ɗaya suka fito, Littafi Mai Tsarki kuma ya riƙe su duka biyu. Mai zaburar bai ɗauki makami ba, ya kai fushinsa gaban Allah ya ajiye yadda yake. Na gaskata ikilisiyar da ba ta ba masu makoki wurin kuka ba, ba ta da bakin ce musu su yi wa kowa addu'a. Na koyi a ranar cewa mai koyarwa ya san wanda ke zaune a gabansa kafin ya buɗe baki, don aya ɗaya ba nauyi ɗaya take da shi a kan kowa ba.

Sai wani dattijo, wanda har yanzu tsohon juyin nan na Hausa da aka fara bugawa a 1932 yake riƙewa, ya kawo abin da ya fi kowanne gyara mana tafiya. Ya ce, "Malam, su bayi ne a ƙasar wasu. Mu nan kakanninmu suke kwance. Wa ke Babila a cikin maganar nan?" Na ce, "Baba, gaskiyarka, kuma tambayar nan ita ce ta raba fassara mai kyau da mai haɗari." Da mun ce mu ne kamammu, maƙwabtanmu Musulmi su ne Babila, da mun fita daga majami'a da ƙiyayya sanye da rigar aya. Nassin bai ce haka ba. Jos ba Babila ba ce, mai sayar da tumatir a Farin Gada ba sojan Nebukadnezzar ba ne, shi ma wataƙila ya binne ɗan'uwansa a ranar da muka binne namu. Abin da ke ƙetarowa daga wasiƙar zuwa gare mu shi ne halin Allah da abin da yake nema daga mutanensa. Idan ya ce wa kamammu su roƙa wa birnin waɗanda suka kama su alheri, to mu da garin namu ne, wane uzuri gare mu? Sabon Alkawari kuma bai sassauta ba. Bitrus ya kira masu bi baƙi da matafiya a duniya, ya ce su yi zaman kirki a tsakanin waɗanda ba su ba da gaskiya ba. Bulus ya ce wa Timoti a yi addu'a domin dukan mutane, da sarakuna da masu mulki, a zamanin da masu mulkin ba masu bi ba ne. Ubangiji Yesu da kansa a Matiyu 5:44 ya ce mu yi wa masu tsananta mana addu'a, ya kuma aikata hakan a kan gicciye. Baba ya gyaɗa kai ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma a faɗa wa matasa wannan ba ya nufin a daina neman adalci. Na yarda da shi, don mai neman lafiyar gari dole ya nemi a hukunta mai kisa ko daga wane gefe ya fito.

Nazarin da bai taɓa sujada ba, ilimi ne kawai. Muka kai wa Baba Fasto da dattawa shawara, suka amince a sauya yadda ake addu'ar roƙo ranar Lahadi. A da mai jagora yakan ce Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, a ce amin, a wuce. Yanzu ana kiran unguwanni da sunayensu: Tudun Wada, Kabong, Anguwar Rukuba, Nasarawa Gwong, Gangare, Anguwar Rogo, Rikkos, Bukuru. Ana roƙa wa 'yan kasuwar Katako ciniki, a roƙa wa yaran kowace unguwa makaranta da lafiya, a ambaci ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos da Mangu inda har yanzu ake zubar da jini. Muka kuma roƙa a riƙa karanta zaburar makoki ɗaya kafin addu'ar, don mai nauyin zuciya ya sami kalmomin da zai faɗa. A makonnin farko amin ɗin wasu sunaye ya fi na wasu ƙarfi, kowa ya ji hakan, ba a kuma tsawata wa kowa ba.

A sujadar daren shiga sabuwar shekara an karanta aya ta 11 kamar kullum, amma daga aya ta 4 aka faro, aka kai har ta 14, inda Ubangiji ya ce za su neme shi su same shi idan sun neme shi da zuciya ɗaya. Saurayin nan mara aiki ya same ni bayan an tashi, ya ce to shi yanzu me zai yi da alkawarin. Na ce masa alkawarin yana nan, a cikin Almasihu ya ma fi ƙarfi, sai dai ba ni da ranar da zan ba shi. Muka yi maganar filin da ke bayan gidansu da noman rani, na haɗa shi da wani memba mai noman kabeji da karas, suka shirya zai fara bin sa gona. Ajin kuma ya zaɓi Daniyel sura 9 a matsayin nazari na gaba, inda Daniyel, yana tsoho a ƙasar bauta, ya karanta maganar Irmiya kan shekara saba'in ya tashi da azumi da furta zunuban jama'arsa. Zumuntar Mata sun roƙa a matso da lokacin zuwa ƙarfe huɗu, don su koma gida kafin duhu.